Likitan da Ya Fitar da Ni Waje

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana son magana da ni sai ya kalli gefe ya ce "ke". In kuma zancena yake yi da wasu sai ya ce "babbar". Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, haka muka tashi muka tarar a ƙauyenmu da ke gaba da Wagini kaɗan. Ƙannena su ne ke hawa kafaɗarsa, su ne ke bin shi gona a kan jaki suna zuba masa surutu. Ni kuwa tsakanina da shi gaisuwa ce, in durƙusa, ya amsa yana duban wani wuri, in tashi. Sai dai Allah ya yi ni da baki. Inna takan ce duk maganar da Baba ya ƙi yi da ni, ni na kwashe na haɗa da tawa, shi ya sa ba na shiru.

Na yi karatu na zama malamar firamare, aka tura ni Safana, inda maigidana ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Baba ya ci gaba da nomansa na gero da dawa da wake, da 'yan tumakinsa a bayan gida. Tun ina yarinya ban san shi da wani wuri a masallaci ba sai sahun gaba, dama da liman. Ko ruwa ake tsugawa za ka same shi a nan.

Wata shekara da kaka ta gabato, Inna ta sa aka kira mini waya ta ce Baba ya daina zuwa masallaci. Ba a kwance yake ba. Yana zuwa gona, yana dawowa, amma in an kira salla sai ya shige ɗaki ya ja labule. Mutanen gari kuwa ba sa rasa abin faɗa. Wasu suka ce sun saɓa da liman ne kan iyakar gona, wasu suka ce ra'ayi ya canza ya bi wata ƙungiya. Abin da ya fi damun Inna shi ne ya daina shan ruwa. Za ta ajiye masa moɗa da safe, ta zo da yamma ta tarar da ita yadda ta bar ta. Fura ma sai ya ɗan kurɓa ya ture. Kuma ya koma wanke wandunansa da kansa a bayan rumbu, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu. Ta tambaye shi sau ɗaya, kallon da ya yi mata ya sa ba ta sake ba.

Yanzu na san abin da ke damunsa. Fitsari ne ya ƙi fita yadda ya kamata, yana matsarsa ba ya sauka, sannan ya riƙa ɗiga masa ba tare da ya sani ba. Ya bar masallaci don kada ya jiƙa tabarma kusa da mutane, ya bar ruwa don yana ganin in bai sha ba abin zai ragu. A lokacin ba wanda ya sani a cikinmu, muna dai kallon mutum yana ramewa.

Maigidana mutumin kirki ne, kuma yana ganin girman Baba ƙwarai. Tun daga nesa yake cire takalmi in zai gaishe shi. Shi ya ce zai riƙa zuwa ranar kasuwar Batsari ya ɗauko shi a babur ya kai shi wani ƙaramin asibiti da ke can. Haka aka yi. Kuma saboda ladabi ba ya barin tsohon ya shiga wajen ma'aikaci shi kaɗai, sai ya bi shi ciki ya tsaya a bayan kujerarsa, hannu a harɗe. A tambayi Baba me ke damunsa, ya ce baya ne ke masa ciwo da ɗan zazzaɓi. A ba shi maganin baya da na zazzaɓi. Ban ga laifin mutanen can ba, abin da aka gaya musu shi suka yi wa magani. Wane dattijo ne a ƙasarmu zai buɗe baki ya yi zancen fitsarinsa, mijin ɗiyarsa na tsaye a kansa?

Maigida yakan dawo yana ba ni labari yana dariya. Wai Baba akwai son gona, ba su yin nisa sai ya taɓa masa kafaɗa ya ce a tsaya zai duba dawar wane, ya shige cikin kara ya daɗe, ya fito ya ce ai dawar ta yi kyau. Ni ma na yi dariya a lokacin. Ko da aka gama girbi gonaki suka zama fili, bai fasa cewa a tsaya ba, sai ya koma cewa zai duba wata bishiya.

Da bazara ta kankama aka tsince shi a gona ya faɗi yana sharar fili. Na bar makaranta na tafi. Na same shi a kan tabarma, leɓensa ya tsattsage, ƙafafunsa sun kumbura, jikinsa zafi rau, ga bargo ya lulluɓa har ƙirji a cikin wannan zafin. Ranar na manta da wata kunyar 'yar fari. Na tsaya a bakin ƙofa na ce wallahi ko ya yarda ko bai yarda ba Safana za a tafi, in ya so ya yi fushi da ni har ƙarshen duniya. Ina jin rashin ƙarfi ne ya hana shi yi mini musu. Ƙannena maza duk sun tafi ci-rani, don haka ni da maigida muka sa shi a gaban a-kori-kura. Da muka isa Safana ya ce shi ba zai sauka gidan suruki ba. Muka kai shi gidan wani abokin tasowarsa da ke sayar da gyaɗa a bakin kasuwa, ya kwana a can.

Da safe muka je asibiti. Likitan da ke duba mutane a lokacin na san shi da gani, ba dogo ba ne, shekarunsa ba za su wuce nawa da yawa ba. Mata a unguwarmu suna ƙorafi a kansa, wai in mutum ya shiga wajensa sai ka ɗauka hira ya je, layi ba ya tafiya. Muna zaune a benci ina ta tsaki. Na zo da leda cike da kwalayen duk maganin da Baba ya sha, na kuma shirya bayani a kaina tiryan-tiryan, kamar zan shiga aji.

Muka shiga mu uku. Likitan ya tashi tsaye, ya gyara wa Baba kujera, sannan ya jawo tasa daga bayan tebur ya zauna kusa da shi. Ya fara gaisuwa. Ya gida, ya iyali, ya gajiyar hanya, ya zafi, ya dabbobi, an fara shara ko tukuna. Baba yana amsawa ƙasa-ƙasa, ni kuwa kamar in fashe. Na buɗe baki zan fara bayanina, sai ya juyo ya tambaye mu yadda muke da dattijon. Na ce ni ɗiyarsa ce ta fari, wannan kuma maigidana ne. Ya dubi Baba, Baba na duban ƙasa. Sai likitan ya ce mu ba su wuri.

Na ce wane wuri kuma? Ni na kawo shi, ni na san abin da ya sha da abin da bai sha ba, kuma in aka bar shi ba abin da zai faɗa sai ciwon baya. Ya miƙo hannu ya karɓi ledar, ya yi godiya, ya ce ta yi amfani sosai.

"Malama, ki yi haƙuri ki jira a waje. In ina buƙatarki zan kira ki."

Maigida ya ja gefen mayafina muka fita. Na zauna a benci na cika na batse. Ina jin muryarsu sama-sama ta ƙofa, ba na fahimtar komai. An daɗe. Masu layi suka fara guna-guni, wata tsohuwa ta ce ai in wannan likitan ya samu dattijo sai dai a yi azahar. Can ƙofa ta buɗe, likitan ya fito riƙe da hannun Baba, bai kalle ni ba, ya kira wani nas namiji suka bi ta baya da shi. Sai daga baya aka zo aka ce mana an ba shi gado a ɗakin maza.

Na tare likitan a baranda na tambaye shi me ke damun ubana. Ya ce an gano abin, an fara magani, kuma da an ƙara jinkiri da ƙodarsa ta taɓu sosai. Na ce mene ne abin? Ya ce Baba ya ba shi amanar maganar, ba zai faɗa ba sai ya ba shi izini. Kai, ranar ya ji bakina. Na ce ubana ne ba nasa ba, na ce ban taɓa ganin asibitin da ake ɓoye wa 'ya'ya ciwon iyayensu ba, na ce zan kai ƙararsa sakatariya. Ya tsaya ya saurare ni har na gaji don kaina, sannan ya ce in kawo wa Baba kunu mai ruwa-ruwa, kuma kada a cika gishiri a miya. Ya wuce ya bar ni a tsaye.

Kullum ina kai abinci in na tashi daga makaranta. Gadon Baba na jikin bango a ƙarshen ɗaki, an sa masa ƙarin ruwa, kuma kullum akwai zane da aka rataya a gefen gadon ta wajen bangon, ya sauka har ƙasa. Na ɗauka don ƙura ne. Daga baya na san robar fitsari aka sa masa, jakar na rataye a bayan zanen, kuma likitan ne ya ce a juya gadon haka don masu zuwa dubiya kada su gani. Abokinsa mai gyaɗa ne ke kwana wajensa. Kumburin ƙafa ya fara saɓewa, zazzaɓi ya sauka, idonsa ya washe.

Wata rana da la'asar na shigo da kwano na tarar da likitan zaune a bakin gadon, sun raba goro, suna gardama kan ƙuduji, ciyawar nan da ke cinye gero. Likitan na cewa taki ne maganinsa, Baba na cewa ai shi yaro ne, a takarda ya karanta noma. Sai na ji Baba ya yi dariya, irin wadda ban taɓa ji ya yi a gabana ba. Yana ganina ya haɗiye ta, ya kalli bango. Kishi na ji, ba zan ɓoye ba. Mutumin da bai yi sati da saninsa ba ya samu abin da ni ban samu ba tun haihuwata. Na ajiye kwanon na gaishe su na fita.

Aka shiga mako na biyu ba a sallame shi ba. Mai gyaɗa ya ce mini likita na son a kai shi Katsina a yi masa aiki, shi kuma ya ce ba inda za shi. Wai ya ga waɗanda aka kai Katsina da ƙafarsu aka dawo da su a naɗe. Ga kuma hanya yadda ta zama a shekarun nan, mutum ba ya fita sai da addu'a. Na so in shiga in yi masa irin ta ranar da ya faɗi a gona, mai gyaɗa ya ce in bari, likita na zuwa kullum suna magana. Na bari, amma ba don raina ya so ba.

Ranar wata Laraba aka aiko makaranta likita na nemana. Na bar aji na tafi. Ya ba ni kujera, ya rufe ƙofa, ya gaishe ni kamar ban taɓa zazzaga masa masifa a baranda ba. Ya ce Baba ya yarda zai je Katsina, kuma ya ba shi izini ya gaya wa mutum ɗaya abin da ke damunsa, domin dole a samu wanda zai tsaya a kan maganar a can. Ya ce ni ya zaɓa.

Sannan ya yi mini bayani dalla-dalla. Akwai wani nama a ƙarƙashin mafitsarar maza da yakan kumbura in an manyanta, ya matse hanyar fitsari. Ya ce abu ne da ya yi yawa a dattawa, sai dai ba sa faɗa. Yana magana ina tuno moɗar da Inna ke tararwa cike, da wanki a bayan rumbu, da dawar wane da ake tsayawa dubawa a hanyar Batsari. Tsawon watanni ubana na hawa bayan babur ɗin surukinsa da mara a ɗaure, ba ruwa a cikinsa, mu kuwa muna dariya wai yana son gona.

Na tambaye shi yadda aka yi Baba ya faɗa masa. Ya ce bayan mun fita ma ciwon baya ya ce. Shi kuma bai musa masa ba, ya duba bayan, ya danna cikinsa ya ji marar a cike tam. Bai ambaci fitsari ba. Ya tambaye shi ko yana samun jam'i, Baba ya ce kwana biyu bai samu ba. Sai ya ce masa: Baba, alwala tana riƙuwa kuwa daga azahar zuwa la'asar? Ya ce sai Baba ya amsa masa cewa ko raka'a biyu ba ta kaiwa. Daga nan sauran maganar ta fito da kanta. Ya ce da dattawa ta nan yake shiga, don mutum zai iya yin zancen alwalarsa ba tare da ya ji ya zubar da girmansa ba.

Zancen Katsina kuwa, ya ce bai yi masa alkawarin komai ba. Ya gaya masa aikin yakan yi kyau, amma aiki aiki ne, kuma in ya ƙi, zai iya zama da robar, shi da kansa zai riƙa canza masa a kan lokaci ba tare da kowa ya sani ba. Baba ya tambaye shi in da ubansa ne ya zai yi. Ya ce da ya kai shi, amma da ya ji tsoro kamar yadda Baba ke ji. Washegari Baba ya ce a shirya mota.

"Amma akwai sharaɗi, Malama," in ji shi. "Ya ce kada maigidanki ya ji. Kuma ke ma kada ki taɓa nuna masa kin sani."

Na ce to me ya sa ni? Ga Inna, ga abokinsa. Likitan ya yi murmushi ya ce shi ma ya tambaya. Wai Baba cewa ya yi babbar ba ta tsoron ma'aikata, in aka yi sakaci da shi a Katsina za ta ɗaga murya har a ji. Ya ƙara da cewa shi shaida ne a kan haka. Ban ba shi haƙuri kan abin da ya faru a baranda ba, shi ma bai nema ba. Na dai ce na karɓi sharaɗin.

Muka tafi Katsina da safe cikin bas, ni da Baba da mai gyaɗa. Maigida ya so ya bi mu, na ce ya zauna da yara, ya yi mamaki amma bai ja ba. Likitan ya riga ya kira wani abokin aikinsa a can ya yi masa bayani, don haka ba a sa Baba ya maimaita komai a gaban kowa ba. Duk lokacin da aka zo duba shi, ni da kaina nake tashi in fita, ba sai an ce ba. A waje nake tare ma'aikata in yi tambayoyina, kuma na ɗaga murya inda ya kamata, har wata nas ta riƙa kauce mini a hanya. In na koma ciki sai in ce, "Baba, ya bayan?" Ya kalli bango ya ce da sauƙi.

Ba abin da ya taɓa yi mini wuya kamar wannan shirun. Ni da ko ciwon kai yaro ya yi a aji sai na bi diddigi har gidansu. Ranar da aka shiga da shi ɗakin tiyata na so in riƙe hannunsa in ce masa na sani, kuma ba abin kunya ba ne. Na tsaya a bakin ƙofa na ce Allah ya ba da sa'a, ya ce amin, aka tura shi ciki.

Aikin ya yi kyau. Bayan an sallame shi ya sake ɗan zama a gidan mai gyaɗa, yana zuwa likitan Safana na duba shi, har aka tabbatar komai ya daidaita. Ranar da muka mayar da shi ƙauye mun isa ana gab da azahar. Ya shiga ɗaki ya canza riga, ya ɗauki buta ya yi alwala a tsakar gida, ya fita. Inna ta bi shi da kallo har ya sha kwanar masallaci. Da ya dawo ya zauna a gindin darbejiya, ya kalli gefe ya ce, "Ke, ba ni ruwa." Na ɗebo a randa na durƙusa na miƙa masa. Ya shanye moɗar tas, ya miƙo ya ce in ƙaro. Na ji daɗin da ban san yadda zan faɗe shi ba, na tsaya a bakin randar na ɗan jima kafin na dawo.

Mutanen gari suka ce ai sun shirya da liman. Maigida kuma, da ya sake ɗaukarsa a babur zuwa kasuwar Batsari, ya dawo yana cewa tsufa ya kama Baba, yanzu ko gona ɗaya ba ya cewa a tsaya a duba. Na ciji leɓena na ce ai haka ne.

Baba ya yi shekaru bayan nan lafiya lau. Lokaci-lokaci yakan hau babur ɗin haya shi kaɗai ya zo Safana wajen likitansa, da ɗan ƙullin wake ko zabi biyu. Ba ya biyowa gidana sai dai ya tsaya a ƙofa yara su fito su gaishe shi. Daga baya ya fara zuwa da wasu dattawan ƙauyenmu, yau wannan gobe wancan, ya zaunar da su a benci, ya shiga ya yi wa likitan magana, ya fito ya tura mutum ciki ya ja ƙofa. Ashe a majalisarsu ta bayan la'asar shi da bakinsa yake ba su labari, yana ce musu duk wanda alwala ta daina riƙe masa ya zo ya raka shi. Shi ya sa ma na iya rubuta wannan. Rabin tsofaffin gari sun san zancen, ni kaɗai aka bar wa shiru. Ban kuwa karya ba. In na je gida in durƙusa in ce ya bayan, ya ce Alhamdulillahi.

Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya da ba ta da alaƙa da wancan ciwon. A zaman makoki ne maigida ya ji labarin daga bakin dattawa, ya shigo cikin gida ya dube ni, ya koma wajen maza. A lokacin an daɗe da yi wa likitan canjin wurin aiki daga Safana, ban yi zaton zai ji ba. Ranar sadakar uku aka aiko cewa wani baƙo na sallama da babbar. Na fita zaure na same shi, ya ɗan yi furfura, takalminsa duk laka. Ya yi mini gaisuwa, muka yi addu'a. Na ce masa, likita, har Baba ya koma ga Allah ban nuna masa na sani ba.

Ya ce ya sani. Duk zuwan da Baba ya yi wajensa, bayan an gama duba shi, sai ya ce masa har yanzu yarinyar nan ba ta ce komai ba. Kuma a zuwansa na ƙarshe kafin a canza masa wurin aiki, ya ba shi saƙo ya ce ya riƙe sai in ya riga shi komawa ga Allah.

"Ya ce in gaya miki ya gode. Ya ce duk cikin 'ya'yansa ba wanda ya yi masa abin da kika yi, Allah ya yi miki albarka."

Na tambaye shi, da ya ba da saƙon, babbar ya ce? Likitan ya girgiza kai. Ya ce sunana ya faɗa, har ya sa ya maimaita masa don kada ya manta.

Ranar jana'iza ban yi kuka ba, ina ta kai da kawo da mutane. A zauren nan na yi shi, a gaban likitan, shi kuma ya kalli gefe har na gama. Na share fuskata na ce ya jira a kawo masa ruwa, na koma cikin gida inda mata ke jirana a raba gumba.